Tulun Sanyi a Zanen Inna Hajo

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya ce, "Dakta, ya Amurka?" Kowa so yake in ba shi labarin dogayen benaye. Ni kuwa ban ɗaga kai na kalli bene da kyau ba sai ana gobe zan taho. Kwana tara na yi a New York, kuma abin da na fi tunawa shi ne tsoro. Bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Sai na fara da abin da ya kai ni, don har yau wasu dangina cewa suke taro na je. Ni malamar jami'a ce, aikina binciken ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu. Cikin wannan ƙwaya ɗaki-ɗaki ne, kamar na kowace ƙwayar halitta: akwai inda ake haɗa kaya, akwai inda ake ajiya, akwai inda ake zubar da shara. Kayan ba sa tafiya da ƙafarsu. Akwai wasu furotin da ke ƙunshe su a 'yar jaka, su duba alamar da ke jikinsu, su kai su ɗakin da ya dace. Da wannan dabarar cutar ke haɗiye duk makamin da jikin saniya ya manna mata, ta aika da shi shara. In muka ga siffar furotin ɗin, wata rana za a iya haɗa maganin da zai toshe shi.

Shekara uku na yi kafin in tace abin da bai cika cokalin shayi ba. Madubin ƙara girman ƙananan abubuwa da zai iya ganinsa kuwa babu shi a wajenmu. Wani ɗakin bincike a New York ya ba ni kwana biyu a kan nasu, Litinin da Talata, kuma wata bakwai na yi a layi kafin in samu. Na daskarar da furotin ɗin na sa shi a tulun ƙarfe, irin wanda likitocin dabbobi ke ajiye irin bijimi a ciki. Dokar tulun biyu ce: a tsaye zai zauna, kuma ba a yawan buɗe shi. In aka kwantar da shi sanyin ya gudu, in sanyin ya gudu furotin ya narke, in ya narke shekara ukuna sun tafi.

To amma a garinmu ba a tafiya haka kawai. Da aka ji zan tafi, sai gidana ya zama tasha. Wannan ta kawo kuka, waccan ta kawo yaji, wata turaren wuta, kowa da ɗansa ko ƙanwarsa a can. Ana gobe zan tashi sai ga Inna Hajo, maƙwabciyarmu, tsohuwa 'yar Maraɗi da ta daɗe a Kano. Ta dire wani babban gwangwani ɗaure cikin zanenta shuɗi mai zanen ganye.

"Na Isufu ne," ta ce. "Ɗan man shanu ne, 'yar nan. Kada ki bari ya karkata."

Isufu ɗanta ne, shekara goma sha ɗaya rabonta da shi. Ta ɗinka wani farin ƙyalle a jikin zanen, ta ce in rubuta sunansa. Da hannuna na rubuta: Isufu ɗan Hajo. Ban kwance ba, ban leƙa ba. Wa zai kwance sallahun tsohuwa a gabanta, kamar yana zarginta?

Tafiyar jirgi ba ni da abin faɗa a kanta, don ban gan ta ba. Bayan doguwar muhawara da nuna takardu, ma'aikatan jirgi suka yarda suka ajiye tulun a tsaye cikin kabad ɗinsu. Duk girgizar da jirgi ya yi, a cikina nake jin ta. Sau biyar na tashi na je na tsaya kusa da kabad ɗin kamar mai jiran banɗaki, har wata ma'aikaciya ta ce mini, cikin murmushin da bai kai ciki ba, in koma in zauna.

Ranar Juma'a da hantsi muka sauka. Jami'in da ya buga mini fasfo ya tambaye ni ko ina ɗauke da nama, na ce a'a, da zuciya ɗaya. Na ɗauki akwatuna, ina tura keken kaya, tulu a gaba, sai ga wani ɗan guntun kare mai dogayen kunnuwa sanye da riga. Ni da kare ba ma shiri tun ina yarinya. Ya shinshina akwatina, ya zauna, ya ɗago kai ya kalli mai riƙe da shi. A gida in kare ya zauna an huta ke nan. A can, zamansa shi ne ƙara.

Aka shiga da ni wani ɗaki mai teburan ƙarfe. Jami'in ya sa safar hannu, ya bi kuka da yaji ya wuce, ya zo kan zanen Inna Hajo. Ya kwance, ya buɗe gwangwanin, ya soka cokali. Da ya ɗago sai ga tsoka. Soyayyen naman layya ne Inna ta nutsar a cikin man, yadda ake yi don kada ya lalace.

"Kin ce ba ki da nama," ya ce da Turanci.

Na ce ban sani ba, ba ni na haɗa ba. Ina rufe baki na gane na faɗi abu mafi muni da mutum zai faɗa a filin jirgi. Ya daɗe yana kallona. Sannan idonsa ya sauka kan tulun, da takardun gargaɗin da ke manne a jikinsa, ya koma kan hijabina.

Na miƙa takardun izini. Na yi bayani cewa babu ƙwayar cuta a ciki, furotin ne zalla. Ya kira wani, wancan ya kira wata, suka shiga waya. Ni dai ina tsaye ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Can suka ce in buɗe. Na roƙe su kada a taɓa na ciki, kada a karkata. Na ɗaga murfin, farin tururi ya taso, dukansu suka ja da baya, na mayar da sauri. Sai da aka shafe kusan awa guda kafin matar ta ce takarduna daidai suke. Jami'in ya gargaɗe ni a kan naman, ya ɗauki gwangwanin Inna Hajo ya jefa a wani babban kwandon shara mai murfi. Na ji ƙarar faɗuwarsa. Zanen kuwa ya miƙo mini da yatsu biyu.

Da na fito wurin masu tarbar baƙi sai na lura mutane na darewa. Wata mata ta janye 'yarta. Ban ga laifinsu ba, mace ce da hijabi rungume da tulun ƙarfe mai jajayen takardu. Na raɓe jikin bango, na warware zanen Inna Hajo na naɗe tulun da shi, na ɗaure a sama. Nan take ya koma ƙunshin ƙauye, ba wanda ya sake kallona. Har na yaba wa kaina dabara.

Yaya Asabe, ɗiyar goggona, ita ta zo tarbata. A University Heights suke, cikin Bronx, wani ɓangare na New York, hawa na biyar, ita da mijinta Malam Garba mai tuƙin tasi da 'ya'yansu mata biyu. Na ɗauka sanyi zan tarar, sai na tarar da zafi mai danƙo wanda ya fi na Kano cin rai. Gidan ɗaki biyu ne da falo, ƙofa da sakata uku. Shekararsu takwas a can, amma Yaya ba ta san sunan wanda ke ƙofar da ke kallon tasu ba. 'Yan matan na gaishe su da Hausa suna amsa mini da Turanci, sarai kuma suna ji. Aka kawo tuwon semo da miyar kukar da na zo da ita, Yaya tana ci tana lumshe ido.

Na ajiye tulun, yana naɗe a zanen, a lungun falo, bayan kujera, inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa. Na gaya wa Yaya abin da ke ciki, ta gargaɗi 'yan matan. Malam Garba yana hanyar fita aiki, gaisuwa kawai muka yi a tsaitsaye. Da yamma masu saƙo suka yi ta zuwa, kowa ya duba sunansa ya ɗauka. Labarin naman ne ban faɗa wa kowa ba. Isufu ya kira wayar Malam Garba, don ita Inna ta ba shi, aka ce mini yana nemana. Na ce na gaji, gobe zan kira shi. Ba gajiya ba ce. Kunya ce ta hana ni, ban san da wane baki zan ce masa abin mahaifiyarsa yana kwandon shara ba.

Washegari Asabar, da hantsi, Yaya ta ja ni mu sayo layin waya. Ba mu yi awa biyu ba. Muna shigowa idona ya tafi bayan kujera, kamar yadda ya saba.

Wurin wayam.

"Yaya, ina tulun?"

Malam Garba ya fito daga kicin da kofin shayi, yana fara'a. "Ƙunshin nan? Ai mai shi ya zo, Dakta. Tun daga Harlem bawan Allah ya taso. Na ce kin fita, ya ce ba sai ya jira ba, ga zanen tsohuwarsa can yana hangowa. Na duba kuwa, ga sunansa ɓaro-ɓaro. Kin ga na rage miki aiki."

Yaya ta ɗora hannu a ka tana salati. Malam Garba ya kalle ni, ya kalle ta, ya ajiye kofin a hankali.

Ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da nake koya wa ɗalibai ke nan kowace shekara: mai kai kaya ba ya leƙa ciki, alama yake dubawa. Ni na ɗauki alamar wani na manna wa kayana.

Aka kira wayar Isufu, tana ta ringin ba a ɗauka. Aka sake, aka sake. Malam Garba ya ce ya san yana da tebur a bakin titi a Harlem, kusa da wani masallaci, amma bai san daidai wurin ba. Ya ɗauko mukullin mota, Yaya ta ce, "Ranar Asabar? Traffic zai kashe mu. Mu bi train."

Jirgin ƙasan a sama ya fara tafiya, a kan gada, sannan ya nutse cikin ƙasa. A motar haya ta gida, da an ga mace na hawaye da mutum uku sun tambaye ta wa ya rasu. A can kowa ya kafa ido a wayarsa. Ni kuma kaina sai ƙirƙiro mini masifu yake. Na ga Isufu ya kwantar da tulun a ƙarƙashin kujera. Na gan shi ya kwance, ya ga ba gwangwani ba ne, ya buɗe, ya zura hannu sanyin ya ƙone shi. Na gan shi ya zaro 'yan kwalaben ya riƙe a rana yana juyawa. Mafi muni, na ga farin tururi na tashi daga tulun ƙarfe a bakin titi, a gaban baƙin mutum mai gemu, ga 'yan sanda. In haka ta faru, ba furotin kaɗai zan kashe ba.

Sai jirgin ya tsaya cak a cikin rami. Wata murya ta yi magana a lasifika, ban gane ko kalma ɗaya ba. Yaya ta ce wai akwai wani jirgi a gabanmu. Minti shida muka yi, na ƙirga su a agogo. Na damƙe hannun Yaya har sai da ta ce, "Halima, za ki karya ni."

Harlem kuwa, da a ce da kwanciyar hankali na je, da na ji daɗinta. Ga shagunan atamfa, ga ƙamshin soyayyen kifi, ga Hausa na tashi ta ko'ina, kowa da irin tasa. Muka tsaya wurin wata mai sayar da man kaɗe, Bahaushiyar Gana, muka tambayi Isufu.

"Isufu wanne? Isufu huɗu ne a street ɗin nan. Mai turare, ko mai lema?"

"Na Maraɗi," na ce. "Ɗan Hajo."

"Ni ban san uwar kowa ba, sister. Ku je gaba, bayan masallaci, 'yan Nijar suna can."

Isufu na farko tsoho ne. Na biyu ya tafi sallah. Ina tafe ina duba ƙarƙashin kowane tebur kamar wadda akuyarta ta ɓace. A kusurwar titi ga motar 'yan sanda a tsaye, fitilarta a kashe. Yaya ta ja ni muka wuce ta gabansu, sai na hango shuɗin zane.

Yana ƙarƙashin wani tebur na huluna da tabarau, a cikin inuwa, a tsaye ƙyam. An lulluɓa masa jiƙaƙƙen tawul, an jera robobin ruwan sanyi kewaye da shi. Ɗaurina na nan yadda na yi shi.

Mai teburin dogo ne siriri, furfura ta fara fito masa a gemu. Yana sallamar wata mai sayen tabarau, wayarsa na cikin aljihun jaka. Yaya ta yi sallama ta ce ga Dakta.

"Ke ta Dakta? Marhaban, marhaban! Ina gajiyar tahiya? Wallahi mersi, Allah shi saka. Ku zamna, ga kujera."

Na nuna ƙunshin. "Malam Isufu, ka buɗe?"

"A'a, tukuna. Na bari sai an tashi kasuwa, in wanke hannu, in zamna."

"Ka kwantar da shi? Ko sau ɗaya?"

Ya yi dariya. "Haba Dakta. Inna ta yi mini waya sau ukku, ta ce in ya karkata man na zuba, in ya ji zahi shina narkewa. A train bisa cinya na aza shi tun daga Bronx. Wani ma ya so in sauke shi don ya zamna, na ce sai dai ya tsaya."

Na durƙusa na zura hannu ƙarƙashin zanen na shafa wuyan tulun. Babu raɓa, babu ƙanƙara a jiki, alamar sanyin na ciki bai gudu ba. Sai kuma wani tsoron ya maye gurbin na farko, don yanzu ba sauran wurin ɓuya.

A durƙushen na faɗa masa. Na faɗi kare, na faɗi cokali, na faɗi kwandon shara. Na ce abin da ya rungumo daga Bronx kayan aikina ne, na mahaifiyarsa tun jiya babu shi.

Wani ya tsaya yana taya hula, Isufu bai ko kalle shi ba, har mutumin ya gaji ya tafi. Ya sunkuya ya janye tawul ɗin, ya kwance ɗaurin a hankali, tulun ya fito da jajayen takardunsa.

"Na dai ga ɗamrin ba nata ba ne," ya ce. "Na ce ko 'yan duwan, masu binciken kaya, ne suka sake shi."

Ya ninke zanen gida huɗu, ya kai hanci, ya daɗe a haka.

"Shekara goma sha ɗaya ni ka sayen ragon layyar nan, Dakta, ban taɓa ɗanɗana ba. Bana ta ce sai na ci." Ya ɗago ya dube ni. "Da kin hwaɗa mini jiya, da ban gayyaci mutane ba. Mutum biyar na ce su zo, na jiƙa shinkahwa."

Na ce ya yafe mini. Na faɗa ya fi sau uku. Ya tambaye ni mene ne a cikin tulun, na yi masa bayani a taƙaice. Ya gyaɗa kai.

"Bon. Naki saƙon dai ya iso."

Ya zazzage wata babbar jakar huluna ya sa tulun a ciki da kansa, a tsaye, ya cusa kwali a gefe don kada ya motsa. Zanen ya sa a cikin rigarsa. Da za mu tafi ya ce, "Ni ba ni iya gaya mata. Ke kin ka ɗauko, ke za ki hwaɗa mata."

Ranar Litinin matar da ke kula da madubin ta buɗe tulun ta ce sanyi lafiya lau. Muka narkar da furotin, muka ɗiga a kan wani ɗan faifai da bai kai ƙwayar gero uku ba, muka sake daskarar da shi. Ranar Talata da la'asar hotuna suka fara fitowa a allo. Ga su nan, ɗaruruwa, kowane da ƙafa uku, sun sarƙe da juna sun yi ƙwallo mai ramuka kamar saƙar kwando. Cikakkiyar siffar sai an yi watanni ana lissafi a kwamfuta, amma na gan shi da idona. Matar ta rungume ni tana murna. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba, sai dai ba irin wadda na shekara uku ina tanadi ba.

Kwana biyu na yi a gida ina zagaye ƙofar Inna Hajo kafin in shiga. Na same ta tana tsince wake. Na ba ta saƙon da Isufu ya aiko mata, na zauna a bakin tabarma na faɗa mata komai, ban rage ba. Hannunta ya tsaya a cikin faranti.

"Zanen fa?"

"Yana wurinsa, Inna."

"Ya rame?"

"Bai rame ba. Furfura ce dai ta fara."

Ta dafa bango ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana janye kwanuka. Ta fito da wani ƙaramin gwangwani, ta ajiye a gabana.

"Na rage kaɗan, da ma. In za ki koma, sai ki sa shi cikin tulun nan naki, tunda shi suna barin shi ya wuce."

Na buɗe baki in yi mata bayanin doka, in ce ban ma san ko zan sake komawa ba. Na kalli fuskarta, na rufe. Na sa hannu biyu na karɓa.

Yana nan a firijinmu, a tsaye, can ciki bayan robar kunun aya. Na rubuta sunan Isufu a jiki.